Ranar da Gambo Bai Taka Birki Ba

In ka je Madarumfa ka tambayi Gambo Shofer, ba wanda zai wahalar da kansa ya nuna maka gidansa, don an san ba za ka same shi a ciki ba. Za a ce maka yanzun nan ya wuce. Ka bi shi bakin tabki, masunta su ce ai ya yi hanyar Safo da amalankensa. Ka kai Safo, a ce ya sauke buhunan wake ya juya, ko ruwa bai sha ba. Mutum ne ɗan shekara sittin da 'yan kai, dogo, siriri, kuma tun da ya ajiye kakin soja ba a taɓa ganin ya zauna majalisa har an zuba shayi na biyu ba. Sallah ma, Allah na tuba, liman na sallamewa shi ya riga ya kai ga takalmansa. Matarsa Habiba ta ce ita kam ta gaji, tuwo a tsaye, fura a tsaye, magana ma sai ta bi shi da ita har ƙofar gida. Jakinsa kuwa, da jaki na kai ƙara, da tuni an zauna shari'a.

Mutane na cewa halin soja ne. Wane halin soja! Ga tsofaffin sojoji nan cike da gari suna kwance gindin bishiyar bedi har la'asar. Abin da ke korar Gambo magana ce guda da bai faɗa wa yayarsa Ɗelu ba, shekara goma sha bakwai ke nan.

Bayan tagwaye aka haife shi, shi ya sa sunan. Tagwayen ba su rayu ba, uwar ma ba ta daɗe ba, sai Ɗelu ta ɗaure shi a baya tana 'yar shekara takwas. Ita ta tauna masa abinci, ita ta yi faɗa da yaran unguwa saboda shi. Da ya tasa ya bi motocin Maraɗi zuwa Katsina, yana wankin mota yana ɗaure kaya a Ɗan Isa, har hannunsa ya faɗa da tuƙi. Daga nan ya shiga soja, aka ga ya san mota kamar ya haife ta, aka ba shi wani saurayin kapitan ya riƙa tuƙawa.

Kapitan ɗin shi ne Al'amin Ɗanlami, wanda daga baya duniya ta san shi da Janar. Ɗan manomin gyaɗa ne daga garin Sarkin Yamma. An kai shi lakwal, makarantar boko, ne don ya fi 'yan'uwansa rashin ƙarfin noma, sai ga shi ƙwaƙwalwa ta yi masa rana. Ba shi da tsawo, ba shi da murya, in yana magana sai ka matso. Amma soyayyar gyaɗa ba ta rabuwa da aljihunsa, kuma in an sauke tukunya sai ƙaramin soja na ƙarshe ya ci kafin ya miƙa kwanonsa. Bai taɓa zama bayan mota ba, kullum yana gaba, gefen shofer mai tuƙi. Gambo ya tuƙa shi yana kapitan, ya tuƙa shi yana kumandan, ya bi shi ƙasashen waje aikin raba faɗa, ya dawo da shi, har ya zama kanal. Shekara ashirin suna kujera ɗaya. Gambo kan ce ya fi sanin tarin mutumin nan da na matarsa.

Ita kuwa Ɗelu ta yi shekara goma da aure kafin Allah ya ba ta haihuwa, aka samu namiji, aka sa masa Bashir. Ɗan fari ne, kuma Ɗelu macen da ce, mai kunya ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Yaron nan,” ko “wancan,” shi ke nan. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ake faɗa. Amma kowa ya san koshiyar farko ta tuwo ta wa ce. Yaro ya girma yana ganin kawunsa na zuwa hutu da kaki da takalma masu ƙyalli, ya ce shi ma sai soja. Gambo ne ya yi masa hanya. Ranar tafiya Ɗelu ba ta fito ba, daga cikin ɗaki ta ce, “Gambo, ga wancan nan.” Iyakar amanar ke nan, kuma ta isa.

Sai yaƙi ya tashi can arewa, ƙasar duwatsu da rairayi, aka tura Kanal Al'amin da mutanensa, Bashir na ciki. A can shoferi ba ya tsoron harsashi kamar yadda yake tsoron ƙasa, don nakiya ake binnewa a hanya. Doka ɗaya ce: ka bi sawun motar gaba, taya kan taya, ba kaucewa. Wata rana da rana tsaka motoci shida suka shiga wani kwazazzabo. Ta farko ta taka nakiya. Kafin ƙarar ta lafa, wuta ta fara sauka daga saman duwatsu, ta biyu ta kama da wuta, kuma a bayanta Bashir yake. Kanal ya nuna wa Gambo wata kafa ta hagu ya ce a fita fili. Gambo ya murɗa kan mota ya danna.

A madubi ya gan shi. Bashir ne ke gudu, ba bindiga, hannu ɗaya dafe da haƙarƙari, yana bin sawun taya kamar yadda aka koya masa. Tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Yana kira, “Kawu!”

Kanal ma ya gani. Ya ce, “Tsaya, Gambo.”

Harsashi ya fasa gilashin gaba. Kanal ya sake cewa tsaya, ya faɗa na uku har da dukan kafaɗa, mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba. Ƙafar Gambo ta ƙi barin totur. Wallahi ba shawara ya yi ba, ba lissafi ya yi ba, tsoro ne tsagwaronsa ya hau shi ya zauna. Washegari da suka komo da ƙarin sojoji, suka binne mutum shida a wurin, har da Bashir.

Shoferin da ya ƙi bin umurni a fagen fama, kowa ya san abin da ke jiransa. Amma da manya suka tambaya, Kanal ya ce, “Ni na ce a wuce.” Da suka keɓe ya ce wa Gambo, “Ka ji tsoro, na gani. Ni na bi da ku ta wannan hanya. Magana ta ƙare.” Gambo ya ƙara shekara biyu yana tuƙa shi, amma ya daina duba madubi, har ya kusa kashe su a titin birni. Sai ya nemi sallama ya dawo gida. Sauran labarin maigidansa a rediyo ya ji shi: an tura shi yaƙin gabas, ya ƙwato garuruwa, an harbe shi a cinya ya ƙi barin mutanensa, an ba shi janar, daga baya ya ajiye aiki ya koma Maraɗi.

Lokacin rasuwar, Gambo ne ya kawo jakar Bashir da agogonsa. Ɗelu ta karɓi gaisuwa ido a bushe, tana cewa mata su yi haƙuri, sai ka ce su aka yi wa mutuwa. Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ina za ta tambaya? Uwa ta buɗe baki ta bi ba'asin ɗan fari a gaban jama'a? Maza ne suka tambaya a zaure, Gambo ya sunkuyar da kai ya maimaita abin da Kanal ya faɗa wa manya, cewa Kanal ne ya ce a wuce. Kafin magariba maƙwabciyarta Zahara'u ta shigar da maganar cikin gida. Ɗelu ta ce, “Ni da wanga mutum sai gaban Allah.” Tun daga ranar, in an ambaci sunan Kanal a rediyo sai ta miƙa hannu ta kashe. Kunyarta ce ta rufa wa Gambo asiri, kuma ya sani, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Mijinta ya rasu, 'yan matanta biyu suka yi aure can wajen Katsina, gona ta rage mata ita kaɗai. Duk shekara, ruwan shuka na sauka, Gambo zai saɓa sungumi ya nufi gonarta kafin tasa. Yana gaba yana sara, tana biye da ƙwaryar iri, tana zuba hatsi tana rufewa da diddige. Shi zai yi mata noma, shi zai yanke, shi zai ɗaure dammuna ya kai rumbu. Gari ya ɗauka, ana cewa a yi ɗan'uwa irin Gambo. Duk sanda ya ji wannan yabo sai ya tashi ya ɗaura wa jaki amalanke ko ba inda za shi.

To, bana da bazara, ana tsakiyar zafin nan mai hana kaza fita, tarho ya yi ƙara a aljihunsa. Muryar ce dai, sai ka matso.

“Gambo, kana lafiya?”

“Ranka ya daɗe!” Ya ƙame a tsakiyar kasuwa, hannu a gefe, mutane na kallo.

Janar ya ce ƙoda ce, likitoci sun yi iyakar yinsu, shi ma ya gane. Mutum arba'in da ɗaya suka mutu ƙarƙashin umurninsa, duk ya riƙe sunayensu a ka, kuma wata takwas ke nan yana bin gidajensu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafarar iyaye. “Saura gida guda. Ba ni iya faɗa wa mace tsohuwa gida haka nan, sai da mai iso. Kai ne ɗan'uwanta. Ran Alhamis ina tafe.” Ya ɗan yi tari, sannan ya ƙara, “Kuma ka ji ni da kyau. Abin da na ɗauka na ɗauka. Kar ka buɗe baki.”

Kwana ukun nan Gambo ya je Ɗan Isa sau biyu ba kaya ba saƙo. Ya kwance dangar gidansa ya sake kafawa, alhali lafiyarta lau. Ya tsaya ƙofar gidan Ɗelu ya fi sau goma yana juyawa. Habiba ta ce, “Malam, in aljanu ne a faɗa mani in nemo hayaƙi.” Ya san abin da ke gabansa sarai. In ya yi shiru, mutumin da ya rufa masa asiri zai shiga kabari da fushin uwa a kansa, kan laifin da bai yi ba. In ya yi magana, ya rasa wadda ta goya shi. Sai ran Laraba da yamma ya iya cewa, “Yaya, baƙo na zuwa gobe. Janar ne.” Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Gidan ba ƙofa gare shi ba? Ya zo.”

Da hantsi wata tsohuwar mota ta tsaya. Kai, ciwo bai da kunya! Mutumin da dubban sojoji ke ƙamewa in ya wuce, ga shi an riƙo shi ana saukowa da shi, farar riga ta yi masa yawa, yana dogara sanda. Jama'a suka fara taruwa, ya roƙe su da su yi haƙuri su ba shi wuri. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ɗelu ta zauna daga ciki, bayan ƙofa, ta ja mayafi. Gambo ya tsaya a bakin ƙofar, tsakaninsu, don haka ake yi: ko suna jin juna, ta bakin mai iso magana ke bi.

Aka gaisa, aka tambayi zafi, aka tambayi iyali. Sannan Janar ya ce, “Gambo, gaya wa Hajiya, ɗanta ya mutu a hannuna. Ni na kai su wurin, ni na dawo ban dawo da shi ba. Tafiyata ta matso. Na zo roƙon ta yafe mani don Allah.”

Gambo ya maimaita.

Ɗelu ta ce, “Gambo, gaya mashi na ji, kuma ya kyauta da ya tako. Amma an ce yaron nan na gudu yana bin mota, shi ya ce a wuce. Shekara goma sha bakwai ina ganin wanga gudu. Gaya mashi ban yafe ba.”

Janar ya sunkuyar da kai, yana jiran a kawo masa maganar kamar yadda aka saba. Nan fa ake yin ta. Sai Gambo ya ɗauki “ban yafe ba” da bakinsa, ya juya, ya ajiye ta gaban mutumin nan. Ya buɗe baki, ta ƙi fita. Ya sake gwadawa. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

“Yaya,” ya ce, “ba ni iya kai wagga magana. Ba tashi ba ce.”

“Gambo, yi shiru!” in ji Janar.

Karo na biyu ke nan a rayuwarsa da ya ƙi bin umurnin maigidansa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya faɗi komi, da madubin, da taku ashirin ɗin, da dukan kafaɗar. “Ya ce in tsaya, Yaya. Ni ne ban tsaya ba. Tsoro na ji. Ni ne.”

Ɗelu ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Sai ta tsallake mai iso ta yi wa baƙon magana kai tsaye.

“Bawan Allah, ka ce a tsaya?”

Janar ya ce, “Na ce, Hajiya.”

“To tashi ka tafi gida, ba ni da komi da kai. Ka bar ni shekara da shekaru ina kai ƙarar wanda bai yi ba, wannan ma na yafe. Kai ma ka yafe mani. Allah ya ba ka sauƙi.”

Tsohon ya rufe fuska da hannun riga. Ita kuwa ta dafa bango ta miƙe, ta wuce ɗaki, ko inda Gambo yake ba ta duba ba. Da yamma ta aiko Zahara'u wurin Habiba da saƙo ɗaya: bana kar ya taɓa mata gona.

Da za a sa Janar a mota ya kama hannun Gambo, ya zuba masa 'yar gyaɗa daga aljihu, ya ce, “Kai dai ba ka jin magana.” Bayan kwana goma sha ɗaya rediyo ta faɗi rasuwarsa, ana ta jero yaƙe-yaƙensa da lambobinsa. Zahara'u ta ce Ɗelu ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya jiƙan shi.

Gambo kuwa abin nasa ya ƙaru. Ya je gaishe ta, aka ce tana barci. Ya kai mata itace, ya tarar da shi washegari a waje inda ya ajiye. Ya rame, idanu suka faɗa, jaki ma ya fara gudunsa.

Sai ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ake fita shuka da shi. Gari na wayewa kowa ya yi daji. Gambo ya ce wa kansa gonarsa za shi, amma ƙafa ta kai shi inda ta saba. Ya tsaya bakin gonar Ɗelu, ya tuna saƙonta, ya kasa haƙura, ya shiga sara. Ya yi layi uku ke nan ya hango ta tafe, tsohuwa 'yar saba'in, ƙwaryar iri a ka, 'yar fartanya a hannu.

Ta iso ta dubi ramukan da ya sara, ta dube shi. Rabon da ta dube shi ido cikin ido tun kafin ranar Alhamis ɗin nan.

“Gambo.”

“Na'am, Yaya.”

“Sau nawa Bashir ya kira ka?”

Sungumin ya faɗi daga hannunsa. Shekara arba'in da haihuwar yaron, sai yau ya ji sunan a bakinta, kuma ta faɗe shi a hankali, kamar mai tsoron kar ya fashe.

“Sau uku, Yaya.”

“Mi ya ce?”

“Kawu.”

Ta gyaɗa kai. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba, ba ta ɓoye ba. Ta ce, “To tsaya nan. Kar ka sara, kar ka taimake ni, kar ka tafi. Ka tsaya har in gama.”

Ta wuce ramukansa, ta je can gefe ta fara nata layi. Ta duƙa ta sara, ta zuba iri, ta rufe da diddige, ta ɗaga ƙafa da ƙyar ta yi gaba. Aikin da suke gamawa kafin hantsi, ga shi rana ta take tana layi na biyar. Sau biyu ta zauna tana haki. Duk jijiyar jikin Gambo na ce masa ya ruga ya karɓi fartanyar, ko ya juya ya bar wurin, ko ina ne. Masu wucewa suna yi masa magana, “A'a, Gambo Shofer, yau kai ne a tsaye?” Idonsa na kan yayarsa.

Rana ta hau ka, inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, ƙudaje na sauka a fuskarsa. Yana kallon bayan da ya goya shi yana duƙawa yana miƙewa, yana nisa da shi taku bayan taku. Bai motsa ba.